Bindigar Ƙusa ta Daɓen Katako da Iskar da Ke Cikin Mesarta

Shirin na yau ya leƙa wajen kafintoci ne, musamman masu shimfiɗa daɓen katako, da wata na'ura tasu da ake kira bindigar ƙusa.

Daɓen katako ba gadon ƙasar Hausa ba ne. A da, da ƙasa da makuba mata ke daɓe ɗaki, sannan siminti ya zo, tarazo ya biyo baya, yau kuma tayil ke tashe. Gidan wannan sana'a Amurka ne da Kanada da ƙasashen Turai masu sanyi, inda ake samun gida sukutum na katako. A Amurka ne bindigar ƙusa mai aiki da iska ta shiga kasuwa a shekarun 1950, lokacin da ake ta zuba gine-gine ba ji ba gani bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma wanda ya taɓa shiga zauren ƙwallon kwando mai rufi, ko ya hau dandamalin wani babban ɗakin taro, mai yiwuwa ya taka irin wannan daɓe. Na'urar kafa shi kan faɗo hannun kafintan nan cikin kayan Beljiyam: ba kwali, ba takardar bayani, wani lokaci ma ba gudumarta. Ya saya, ya haɗa da kwampireso, ya koya da ka. Nan gizo ke saƙar.

Ita wannan bindiga ba ta yi kama da wadda ake ɗagawa da hannu ɗaya ana harba ƙusa a rufi ba. Tsayuwa take yi a ƙasa, nauyinta kusan kilo 5, tana da dogon mariƙi, da takalmi a gindinta, da wani ƙullutu na roba a ka. Kowane falankin daɓe yana da harshe a gefe ɗaya, da kwarmi a ɗaya gefen. Ana zaunar da takalmin bindigar a kan harshen, mai aiki ya doki ƙullutun da guduma mai kan roba, bawul ya buɗe, iska ta hankaɗa fistin, shi kuma ya tura ƙusa a karkace, digiri 45, ta ratsa gindin harshen ta shige filawud ɗin da ke ƙasa. Da an kawo falanki na gaba, kwarminsa ya haɗiye harshen, ƙusa ta ɓuya. Shi ya sa ake ganin daɓen sumul, ba kan ƙusa ko ɗaya. Dukan gudumar aiki biyu yake yi lokaci guda: yana matse falanki da ɗan'uwansa, yana kuma sakin harbi.

Ƙusar ma daban take. Fallen ƙarfe ce mai kai kamar baƙin L ko T, da haƙora a jikinta don kada ta zare. Falanki mai kaurin milimita 19, wanda shi ne aka fi shimfiɗawa, ƙusa mai inci 2 yake so. Mai sauraro ya riƙe zancen haƙoran nan, don za su sake fitowa idan aka zo maganar asibiti.

A shekarar 2011, hukumomi biyu na Amurka masu kula da lafiyar ma'aikata, OSHA da NIOSH, sun fitar da jagora kan bindigogin ƙusa. Alƙaluman da suka kawo ba na wasa ba ne. Mutum kimanin 37,000 ke zuwa sashen gaggawa na asibiti duk shekara a ƙasar saboda raunin bindigar ƙusa, kashi 68 cikin 100 ma'aikata ne, sauran kuma masu gyare-gyare ne a gidajensu. Wani bincike kan yaran kafintoci masu koyon aiki ya gano cewa 2 cikin 5 sun ji rauni da ita a shekaru 4 na koyo. Fiye da rabin raunukan a hannu da yatsu suke, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan sun taɓa jijiya ko gaɓa ko ƙashi. Jagorar ta fi mai da hankali kan manyan bindigogin kafa gini, domin su ne mafi ƙarfi. Ta daɓe kuwa, tunda bakinta ƙasa yake kallo, kuma sai an doke ta take harbi, masu aiki sukan ɗauke ta a matsayin saliha. Wannan zaton shi ne babban haɗarinta. Waɗansu samfuran suna da kunama a mariƙi wadda sai an matse ta dukan zai yi tasiri, amma da yawa ba su da komai. Muddin mesa na jone, duk abin da ya bugi ƙullutun nan da ƙarfi ya isa ya sa ta harba: ko faɗuwa ta yi a kansa, ko wani falanki ya zame ya sauka a kai. Ba ruwanta da inda bakin ke kallo a lokacin.

Saboda haka maganar tsaro daga iska take farawa. Yawancin waɗannan bindigogi tsakanin awon PSI 70 da 120 suke aiki, wato awon da masu faci ke dubawa a geji. Tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha, ke nan abin da ke cikin mesar kafinta ya ninka na taya kusan sau uku. Iyakar da bindiga za ta iya ɗauka a rubuce take a jikinta, kuma ba a tsallake ta. Gwani ba ya fara harbi a kan daɓen mutane. Yakan ɗauki guntun falanki, ya fara da iska kaɗan, ya harba, ya duba. In kan ƙusa ya tsaya a waje, falanki na gaba ba zai zauna ba, sai ya ƙara 5. In ƙusa ta nutse har harshen ya tsage, iska ta yi yawa, sai ya rage. Abin da ake nema shi ne kan ƙusa ya kwanta daidai a lungun harshen. Harshen da ya tsage kuwa ba ya nuna kansa ranar aiki. Sai bayan wata da watanni mai gida zai ji daɓe na ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ in an taka, ya aika a kira kafinta.

Akwai ganganci guda da ya kamata a faɗe shi da babbar murya a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Kwampireso ya tsaya, aiki na jira, ga mai walda a harabar ginin da tukunyar iskar oksijin tasa. Wani zai ce iska ai iska ce. Ba haka ba ne. Cikin bindigar akwai mai, kuma tsantsar oksijin mai matsi idan ta haɗu da mai tana iya kamawa da wuta nan take, bindigar ta tarwatse a hannun mai ita. Ban da haka, matsin cikakkiyar tukunyar walda yakan kai PSI 2,000. Takardun kamfanonin da ke ƙera bindigogin nan sun haramta haɗa su da oksijin ko kowace irin iskar tukunya. In wuta ta ɗauke, janareta ake nema, a kuma ajiye shi a waje, nesa da taga, saboda hayaƙinsa na kisa a rufaffen ɗaki ba tare da mutum ya ankara ba. In kwampireso ya yi nisa da wurin aiki, mesa ake ƙara wa tsawo, ba wayar wuta ba, domin doguwar waya siririya tana rage ƙarfin wuta ta ƙone injin kwampireso.

Sai wani ƙaramin ƙarfe da ba kowa ke kula da shi ba, wato mahaɗin mesa da bindiga. Biyu ne, namiji da mace. Macen tana da bawul a ciki wanda ke rufewa da zarar an zare namijin, shi kuwa namijin a buɗe yake fayau. Ƙa'ida ita ce namijin a jikin bindiga, macen a bakin mesa. Da haka, in an cire mesa, iskar da ke cikin bindiga sai ta fice da ƙara, fush, ta bar ta fanko. In aka juya su, kamar yadda ake iya tararwa a bindigar da ta bi hannuwa da yawa, macen za ta kulle iska a cikin bindigar, ta zauna da harbi ɗaya a ciki alhali kowa na ganin mesa a yashe a ƙasa. Wanda ya sayi ta hannu, wannan ne abin dubawa na farko, tun kafin ya biya kuɗi.

Wajen aikin kansa, jiki ne ke koyon tsayuwa. Mai aiki yana tsayawa a kan daɓen da ya riga ya kafa, hannu ɗaya a mariƙi, ɗaya da guduma, ƙafarsa ta danne falankin daga baya, ba ta gaban bakin bindiga ba. Ƙusar da ta ci karo da ƙulli a katako, ko ta haɗu da wata tsohuwar ƙusa a filawud, tana iya lanƙwashewa ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne. Haka nan yaron da ke jera falankai a gaba, ya kasance ya yi nisa da taku biyu ko uku, kada a harba yana riƙe da bakin falankin da yatsu. Duka kuma da kan roba ake yi, ba da kan ƙarfe ba, kuma ba duka ne na fasa dutse ba. Iska ce ke aikin, guduma umarni kawai take bayarwa. Mai zage ƙwanji yana dukanta kamar ya kama ɓarawo, robar zai fasa, ya kuma tashi da ciwon kafaɗa. In duka ya zo a raunane har ƙusa ta tsaya rabi, ba a sake harbi a kanta. A zare ta da filaya, ko a nutsar da ita da ɗan ƙarfen dannawa, sannan a matsa gaba.

Tazarar ƙusa kuwa, ƙungiyar masu daɓen katako ta Amurka, NWFA, ta tsara inci 8 zuwa 10 ga siraran falankai, inci 6 zuwa 8 ga masu faɗi, sannan a bar inci 1 zuwa 3 daga ƙarshen falanki don kada ya dare.

Ido da kunne su ne aka fi yi wa rowa. Tabarau na kariya kuɗinsa bai kai na kwalin ƙusa ba, amma sai a ga kafinta ya ɗora shi a goshi kamar ado, alhali ɓarɓashin katako da guntun ƙarfe ba sa jiran a sauko da shi. Kunne kuma a hankali yake mutuwa, shi ya sa ba a jin tsoronsa. Ƙarar harbin bindigar iska takan kai desibel 109 zuwa 136, alhali NIOSH ta sa 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa 8. A ɗakin da babu labule babu kujera, bango sai ya riƙa dawo da ƙarar. Wanda ya tashi aiki yana jin kunnensa na kuwwa, ɓarna ta fara ke nan. Toshiyar kunne ta soso ta wadatar.

Abin mamaki, wurin da ya fi haɗari a ɗakin shi ne inda bindigar daɓe ba ta iya shiga. Layukan farko da na ƙarshe suna manne da bango, babu filin ɗaga guduma, don haka kafinta kan ajiye ta ya ɗauki ƙaramar bindigar hannu, ya durƙusa, hannunsa ɗaya na matse falanki dab da bakin bindiga. Ita wannan kunama take da ita, kuma kunamar da aka fi sani iri biyu ce. Akwai wadda sai an danna baki a katako, sannan a ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita, a saki, a sake. Akwai kuma wadda in yatsa na kan kunama, duk abin da bakin ya taɓa harbi ne, ko katako ko gwiwa, kuma takan yi tsalle ta sake harbi na biyu ba a so ba. Binciken da jagorar 2011 ta dogara da shi ya nuna haɗarin rauni da ta biyun ya ninka na ta farko sau biyu. Masu gaggawa sun fi son ta biyun. Ga layi uku na gefen bango, mintocin da za ta rage ba su kai a saka yatsa a caca ba.

Cushewar ƙusa ba makawa ce, kuma a nan ake gane wanda ya koyi aiki a hannun gwani. Bindiga ta yi shiru, an doka ba ta harba ba. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya kifar da ita ya leƙa bakin, ko ya sa sukundireba ya zungura. To fistin na nan a danne da iska, guntuwar ƙusa ce kaɗai ta tokare shi, kuma da an kawar da ita zai ƙarasa tafiyarsa. Tsarin da ba a sauyawa shi ne: a cire mesa, a ji fitar iska, a kwashe sauran ƙusoshi daga gidansu, sannan a kwance farantin baki a ciro abin da ya maƙale da filaya. Kashe kwampireso bai wadatar ba, tankinsa cike yake. Haka ma in za a ɗauke ta zuwa wani ɗaki, ko za a miƙa wa wani, ko an kira salla, ko an kawo abinci: mesa ta fara fita. Gidan da ake gyara da iyali a ciki kuwa, ba a bar wa yara bindiga jone da guduma a gefenta ko na minti ɗaya.

Kula da na'urar da tsaron mai ita abu guda ne, domin bindigar da ba ta samun kulawa ita ce mai cushewa, mai cushewa kuma ita ke jawo hannu zuwa bakinta. Kowace safiya ɗigo biyu zuwa biyar na man na'urorin iska ake sawa ta mashigar iska, sai dai in samfurin na marasa buƙatar mai ne. Baƙin mai na mota bai dace ba, domin sinadaran wanke inji da ke cikinsa suna cinye zobban roba da ke riƙe iska a ciki. Fetur da kananzir ma haka, ba a wanke cikinta da su. Mai in ya yi yawa shi ma matsala ne: zai fito da iska ya ɗiga a kan ɗanyen katako, fenti ya ƙi kama wurin. Bayan mai, a bi kusoshin jiki da sifana a ɗaure, saboda girgiza na kwance su, a shafa takalmin a ji ko tsakuwa ta maƙale, don tsakuwa ɗaya ta isa ta yi wa ɗaki guda zane. In ana jin iska na tsiyaya, sss, ko harbi ya yi sanyi alhali geji bai sauka ba, zoben roba ya gaji. In bakin ƙarfen da ke tura ƙusa ya gutsure, ƙusa za ta riƙa karkacewa. Duka biyun canji suke so, ba ɗaurin roba da waya ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, don haka a riƙa wanke matatar iskar kwampireso, kada kuma a bar bakin mesa yana jan ƙasa.

Kwampireso na da nasa ciwon, wato ruwa. Duk iskar da aka matse sai ta zubar da raɓarta a gindin tanki, kuma da damina abin ya fi yawa. Ruwan nan yana bin mesa ya wanke man bindiga, sauran kuma ya zauna yana cin tanki da tsatsa daga ciki, inda ido ba ya gani. A ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfo. Duk yamma a rage iska, a buɗe shi, a bar jan ruwan ya tsiyaye. Tankin da ya fara huji ya gama aiki. Kai shi wajen mai walda a liƙe kamar tukunyar ruwa shirya fashewa ne. Akwai kuma bawul na tsaro mai ɗan zobe, a riƙa jan sa lokaci-lokaci a tabbata bai daskare ba.

Ga wata ɗabi'a ta yaran shago da ya kamata iyayen gidansu su hana: kakkaɓe ƙura daga riga da gashi da mesar iska, ko tsokanar juna da ita. Iska mai wannan matsi na iya fasa dodon kunne, ta cusa ƙura a ido, ta shiga jini ta wani ɗan rauni. An sha samun mace-mace a masana'antu a ƙasashe daban-daban sakamakon wasan nuna wa mutum mesa ta baya, domin hanji take fasawa. Dokar OSHA ba ta yarda a yi shara da iskar da ta kai PSI 30 ba.

Katakon ma yana da ta cewa. Bindigar nan ba ta kafa ƙusa a siminti, sai an shimfiɗa leda mai tare danshi, an kafa filawud ko sandunan katako, an kuma yi maganin gara. Sannan ba duk itace ne taurinsa ɗaya ba. A ma'aunin tauri na Janka, jan itacen ok na Amurka, wanda a kansa aka saba gwada sauran, 1,290 yake. Kawo, wanda Turawa ke saye da sunan doussié don daɓe, ya fi shi tauri sosai, ipe na Brazil kuwa ya haura 3,000. Itace mai tauri irin wannan harshensa na saurin darewa, shi ya sa ake koma wa siririyar ƙusa, a kuma sake gwajin iska daga farko. Danshi kuwa duk mai ƙofar katako a Kano ko Zinder ya san halinsa: da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, da hunturu ta tsuke har haske na shigowa. Daɓe ma haka yake numfashi. Don haka ake ajiye falankai a ɗakin da za a shimfiɗa su har su saba da iskarsa, ake kuma barin tazara kamar ta kaurin falankin tsakanin daɓe da bango. Wanda ya matse daɓe da bango a watan Janairu, a Agusta zai ga ya yi tozo.

In kuma tsautsayi ya gitta, ƙusa ta shiga jiki, kada a zare ta. Haƙoran da aka yi mata don ta riƙe katako haka za su riƙe nama, su yagi jijiya a hanyar fita, kuma wani lokaci ita ce ta toshe jijiyar jinin da ta huda. A naɗe gefenta da tsumma mai tsabta don kada ta motsa, a nufi asibiti, a tafi da irin ƙusar don likita ya ga siffarta, a kuma yi maganar allurar tetanus. Toka da baƙin mai da ake shafa wa rauni a wuraren aiki ƙarin ciwo ne. Ko da raunin ya yi kamar ƙarami, a bari a ɗauki hoto. A watan Janairun 2005, a jihar Colorado ta Amurka, bindigar ƙusa ta yi tsalle ta bugi wani ma'aikacin gini a baki. Ya ɗauka bugu ne kawai, ya yi kwana 6 yana shan maganin ciwon haƙori, sai da likitan haƙori ya ɗauki hoto aka ga ƙusa mai inci 4 ta bi ta rufin bakinsa ta shige cikin ƙoƙon kai. Likitoci sun shafe kimanin awa 4 kafin su ciro ta, kuma ya rayu.